Gardamar daren jiya a Mil 12: wai masu nauyi ne suka taru kusa da rana?

Ɗan Mil 12:

Salamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin taurari da malaman makaranta ku zo ku raba mu, daren jiya saura ƙiris mu ɓata da ɗan yayata a kan abin da ba zai ƙara mana ciniki ko na kwano ɗaya ba. Muna zaune ne muna jiran motar albasa daga Aliero, tun la'asar direban ke cewa ya wuce Ibadan amma har ƙarfe ɗaya na dare shiru, shi kuma yaron yana jami'a ne a nan Legas, in an yi hutu yakan zo ya taya ni riƙe littafin bashi. Hira ta yi hira sai ya buɗe waya ya nuna min wani jeri, wai nauyin duniyoyin da ke zagaya rana ne idan aka gwada da girmansu, dansiti yake ce masa. Yadda ya fassara min, in ka ɗebi lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, to in da za a markaɗe kowace duniya a ɗebi lita ɗaya, Makyuri za ta ba ka kilo 5.43, Binas wato Zara matar wata 5.24, tamu duniyar 5.51, Mas 3.93, daga nan sai abin ya faɗi warwas, Jupita 1.33, Satun 0.69, Yuranus 1.27, Neftun 1.64. Na sa ya turo min don kar in manta.

Ni ina ganin wannan na ce ai ba sai an je jami'a ba, shiƙa ce kawai. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga mata a masussuka ya san tsaba nan gindin mai shiƙa take zubowa, ƙaiƙayi kuma iska ta yi gaba da shi. Rana ta jawo ƙarfe da dutse kusa da ita, marasa nauyin suka yi can nesa, magana ta ƙare.

Yaron nan ya kwashe da dariya, har da riƙe ciki, wai Kawu in haka ne me ya sa tamu da take ta uku ta fi Makyuri da take ta farko? Me ya sa Neftun da ta fi kowa nisa ta fi Satun da Jupita? Sannan ya kawo wadda ta fi ƙona min rai, wai ita ranar kanta 1.41 ce, in masu nauyi ne ke faɗawa tsakiya ai da rana dunƙulen ƙarfe ce. Na rasa ta cewa wlh. Shi nasa ra'ayin wai wani tauraro ne ya gifta kusa da rana tun can da, ya yago wani yanki nata, yankin ya gutsuttsure ya zama duniyoyi. Ni kuma wannan ya yi min kama da gizo da ƙoƙi.

To waye mai gaskiya a cikinmu? Kuma don Allah kar wani ya zo yana ce min Allah ne ya halitta, wannan duk mun sani mun yi imani, ba a nan gardamar take ba, yadda abin ya bi daki-daki muke tambaya, kamar yadda kowa ya san Allah ke ba da haihuwa amma ungozoma ta san watannin.

Direban Apapa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai ba malami ba ne amma wannan dansitin abincinmu ne a defo, ba a lodi sai an duba shi. Tanka mai lita 33,000 in ka cika ta da fetur daban, in ka cika ta da gas wato dizal daban kake jin ta a hawa, don fetur wajen 0.74 yake shi kuma dizal wajen 0.84, in kuwa ruwa ne kowace lita kilo guda cur, tan 33 kenan, sai dai ka tausaya wa sifirin da taya. Abin da ya ba ni mamaki a jerin nan naka Satun ce, 0.69, kenan ko fetur ya fi ta nauyi?? Duk girman nan da zobe da kwalliya ashe holoƙo ce, hadarin kaka. Kenan in da za a samu tekun da za ta shige shi sai dai ta yi ta yawo a sama kamar jarkar da aka yar a Legun.

Amma gsky ni ma a bayanka nake, zancen shiƙar nan ya fi shiga kai. Na yaron kuma a bar shi ya gama karatun tukuna.

Malamar Fizis Agege:

Alhaji barka da ƙoƙari, ni ina koyar da fizis a sakandare nan Agege, kuma wannan tunanin naka duk shekara sai wani ɗalibi ya kawo min shi, masu kaifin kai ne ma suke kawo shi, saboda haka kar dariyar yaro ta dame ka. Sai dai ku biyun duk kun kauce, kai ka kauce kaɗan, shi ya kauce da yawa.

Abin da akasarin masana suka tsaya a kai shi ne wajen shekara biliyan 4.6 da suka wuce akwai wani makeken gajimare na iska da ƙura, nauyin kansa ya sa ya fara haɗewa yana tsukewa, da ma yana ɗan juyawa, to duk abin da ke juyi in ya tsuke gudunsa ƙaruwa yake, ka sa yaro a kujerar mai aski ka juya shi hannuwa a buɗe sannan ya naɗe su ka ga ikon Allah. Juyin nan ya sa gajimaren ya baje ya zama kamar faifai, tsakiyar ta zama rana, sauran faifan aka yi duniyoyi da shi. Shi ya sa duk su takwas ɗin kusan a shimfiɗa ɗaya suke kuma duk gefe ɗaya suke zagayawa. Tunanin ba sabo ba ne, Kant Bajamushe ya rubuta shi a 1755, Laplace Bafaranshe ya sake kawo shi a 1796, wani Barashe Safronov ya zauna ya yi masa lissafi sosai a 1969.

Yanzu ga inda shiƙa ta sha bamban da abin da ya faru. A shiƙa hatsi da ƙaiƙayi tafiya suke yi, kowa ya je inda nauyinsa ya kai shi. A faifan nan kuwa ko'ina kaya iri ɗaya ne a gauraye, kusan kashi 98 cikin 100 iskar haidurojin da ta hiliyam ce, ɗan ragowar yawancinsa ruwa ne da amoniya da mitan, dutse da ƙarfe ko kashi 1 ba su cika ba. Abin da ya bambanta shi ne zafi. Ka je wurin mai tsire ka jera ƙusa da tsakuwa da kakide da ƙanƙarar fiya wata a bakin wuta, ka sake jera irinsu taku goma daga wutar, ka dawo bayan awa ɗaya. A bakin wuta ƙusa da tsakuwa kawai za ka tarar, ba don wuta ta jawo su ba, su ne kaɗai suka iya jure wurin. To haka nan, kusa da rana ƙarfe da dutse ne kawai ke iya zama daskararru don su ko zafi ya haura digiri 1,000 suna nan, ruwa kuwa a can sararin da babu matsin iska sai sanyi ya wuce digiri 100 ƙasa da sifili yake zama ƙanƙara. Iyakar da ƙanƙara ta fara tsira tana tsakanin Mas da Jupita. Kuma duniya da daskararren abu ake fara ginin ta, ƙura ta manne wa ƙura, ta zama tsakuwa, ta zama dutse, ta zama tsauni mai yawo, suna karo suna haɗewa.

Saboda haka na ciki kayan gininsu mai nauyi ne amma ɗan kaɗan, suka fito ƙanana masu tauri. Na waje suka samu dutse ga kuma ƙanƙara jibgi, suka yi saurin girma, kuma dunƙule in ya kai wajen ninki 10 na duniyarmu yana da ƙarfin da zai riƙe haidurojin da hiliyam, sai Jupita da Satun suka yi ta zuƙar iskar nan har suka zama abin da suka zama. Inda kake da gaskiya Alhaji shi ne a ƙarshe, bayan 'yan shekaru miliyoyi, haske da iskar jaririyar rana sun kore ragowar iskar faifan, wannan kam shiƙa ce, amma ta zo ne bayan an riga an raba gado. Sannan nutsewar mai nauyi ƙasa ita ma ta faru, amma a cikin kowace duniya, lokacin da take narke ƙarfe ya nutse tsakiya dutse ya taso sama.

Tambayoyin yaron kuma amsarsu ɗaya ce mafi yawa, matsi. Ka san dilar gwanjo, kayan da za su cika ɗaki an danne su da inji sun koma abin da mutum ɗaya zai mirgina, kayan ba su canza ba amma dansitin ya ƙaru. Duniyarmu ta ninka Makyuri nauyi wajen sau 18, nauyin kanta yana danne cikinta. In aka cire wannan matsin a lissafi tamu tana komawa wajen 4.4, Makyuri kuwa 5.3, ka ga ta koma ta ɗaya. Jupita da Satun kayansu kusan ɗaya ne amma Jupita ninki 318 ce ta duniyarmu, Satun ninki 95, alhali a faɗi Jupita kilomita wajen 143,000 ce Satun wajen 120,000, ka ga an cusa kaya fiye da ninki uku a buhun da bai fi ɗayan girma sosai ba. Yuranus da Neftun kuma ba su samu zuƙar iska da yawa ba, an fi zaton yawancin jikinsu ruwa ne da amoniya da mitan, shi ya sa suka fi Satun. Ita rana haidurojin ce da hiliyam, da ba don matsi ba ai ko kusa da 1.41 ba za ta je ba, can tsakiyarta an danne iska har ta ninka ruwa wajen sau 150.

Abin da ni ya fi burge ni, kuma nake rubuta wa ɗalibaina a allo, manyan watannin Jupita guda huɗu ne da Galileo ya gani a 1610. Daga na kusa zuwa na nesa: Io 3.53, Yurofa 3.01, Ganimid 1.94, Kalisto 1.83. Wato Jupita tana jaririya ita ma tana da zafi da nata ɗan faifan, sai aka maimaita abin a ƙarami, dutse kusa, ƙanƙara nesa.

Mai Gwangwan Alaba Rago:

Malama Allah ya ƙara basira, amma ni fa akwai abin da ya tsaya min. Ni sana'ata sikeli ce, shekara sha bakwai ina sayen ƙarfe, ban taɓa biyan kuɗin abin da ban ɗora a kan sikeli ba. Waye ya ɗora Satun a sikeli har aka samu 0.69, har da ɗigo? Tamu duniyar ma da muke kanta wa ya ɗaga ta?

Na biyu, ko an auna ɗin, nauyi ba ya faɗa maka abin da ke ciki. Wani yaro ya taɓa kawo min bututun kofa wato jan ƙarfe guda shida an toshe bakinsu an buga da guduma, na auna na biya har ina murna na yi ciniki, sai da muka zo yankawa yashi ya dinga zubowa kamar an fasa buhu. Tun daga ranar komai sai na sa zarto ko in kara maganaɗisu. To ku wa ya sa wa Makyuri zarto? Ba musu nake ba, so nake in gane, don in na je gida yarana za su tambaye ni.

Malamar Fizis Agege:

Malam mai gwangwan wallahi tambayarka ta biyu ta fi ta wasu masu digiri. Ta farkon dai mai sauƙi ce. Girman duniya ana samu daga faɗinta a madubin hangen nesa da kuma nisanta. Nauyi kuma abin da ke zagaya ta ne yake tona mata asiri, in tana da wata sai a duba nisansa da kwana nawa yake yi kafin ya kewayo, mai nauyi tana sa watanta gudu, lissafin Newton ne ke ba da adadin. Makyuri da Binas da ba su da wata an fi samun nasu daidai daga yadda suke karkatar da kumbon da ya gifta ko yake zagaya su. Tamu kuwa a ɗaki aka auna ta, wani Bature a Ingila mai suna Henry Cavendish a 1798 ya rataye sanda da siririyar waya, ƙananan ƙwallayen dalma a bakinta biyu, ya kawo manya kusa da su ya auna ɗan jan da suke yi wa juna, ya gwada da jan da ƙasa ke yi musu. Ya samu kusan 5.45, yau ana cewa 5.51. Babu lantarki babu kwamfuta fa.

Kuma daga nan aka yi irin tunaninka na bututu, sai dai a juye. Dutsen da muke takawa irin wanda ake fasawa a kwari wajen 2.7 yake, daidai da alminiyam ɗinka, ƙarfe 7.9, kofa 8.9, dalma 11.3. In aka kawo maka abu ka ga bayansa alminiyam ne amma sikeli ya nuna ninki biyu, ai ka san an ɓoye wani abu mai nauyi a ciki. Zarton da aka sa wa duniyarmu girgizar ƙasa ce, motsinta yana ratsa ciki yana lanƙwasa, wani irin ma ba ya wuce narkakken abu, da haka aka gane akwai narkakken ƙarfe a ciki, sannan wata masaniya 'yar Denmak Inge Lehmann ta gano a 1936 cewa akwai wata cibiyar daban a can tsakiyarsa.

Amma ka yi gaskiya, dansiti shi kaɗai jimla yake bayarwa, gauraye daban-daban na iya ba da lamba ɗaya. Shi ya sa ake tura kumbo ya yi ta zagaye yana auna yadda jan yake canzawa daga wuri zuwa wuri. Kumbon Juno da ya isa Jupita a 2016 ya nuna cibiyarta ba dunƙule ce mai iyaka ba kamar yadda ake zanawa a littafi, a dame take da abin da ke kewaye da ita. Yuranus da Neftun kuwa kumbo ɗaya tak ya taɓa giftawa ta wurinsu, Voyager 2 a 1986 da 1989, har yanzu ana jayayya a kan nawa ne dutse nawa ne ƙanƙara a cikinsu. A nan ɗin bututunka ba a yanka shi ba tukuna.

Ɗan yayar Alhaji:

Salam, ni ne yaron da ake ta magana a kansa, Kawu ya kai ni ƙara bai faɗi hujjata ba 😂 Anti Malama na yarda da zancen matsi, ni ma abin da nake so Kawu ya gano kenan da kansa shi ya sa na yi ta tsokanarsa. Amma misalinki na kujerar aski shi ne ya kashe zancen faifan. In gajimare ya tsuke ya ƙara gudu, ai wanda ke tsakiya ya kamata ya fi kowa juyi. Rana ta kwashe kashi 99.86 na nauyin komai da komai amma ƙarfin juyin da ke hannunta bai kai kashi 2 ba, Jupita ita kaɗai tana da wajen kashi 60, ranar ma sai ta yi kwana 25 kafin ta juya sau ɗaya a tsakiyarta. Yaro ya naɗe hannu amma kujera ta ƙi gudu kenan. Ga Binas tana juyawa baibai, ga Yuranus a kwance take a gefenta kusan digiri 98. Kuma zancen tauraro mai giftawa ba ni na ƙirƙira ba, James Jeans ne, babban masani, ba gizo da ƙoƙi ba ne Kawu.

Malamar Fizis Agege:

Ƙanena ka yi karatu, kuma matsalar da ka kawo ta gaske ce, ita ce ta sa aka juya wa Laplace baya na tsawon shekaru, Jeans ya kawo nasa wajen 1917, Harold Jeffreys ya mara masa, aka yi ta koyar da shi. Sai dai ka tsaya a tsakiyar labarin. A 1939 Lyman Spitzer ya yi lissafi ya nuna iskar da aka yago daga cikin rana zafinta ya yi yawa, watsewa za ta yi kafin ta huce ta dunƙule, kamar ka buɗe tukunyar da ke tafasa ka ce tururin ya taru ya zama ƙanƙara. Sannan ka duba batirin wayarka, litiyam ne a ciki, irin wanda ake haƙa a Nasarawa. Zafin cikin rana ƙone litiyam yake yi, abin da ya rage mata bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake gani a duwatsun da ke faɗowa daga sama ba in aka gwada. Da daga cikinta aka yago mu da ba mu same shi haka ba.

Ga kuma nisa, tauraron da ya fi kusa da mu haske ma sai ya yi shekara 4.2 kafin ya iso, giftawar da za ta yago rana abu ne da da ƙyar zai faru, kenan da duniyoyi sun yi wuyar samu. Amma yanzu waɗanda aka tabbatar suna zagaya wasu taurarin sun haura 5,000. Faifan ma an gan shi da ido, a 2014 na'urar ALMA da ke hamadar Atakama a Chile ta ɗauko hoton wani jaririn tauraro HL Tauri, ga faifai ga zobba da gibi-gibi a jikinsa, ka nema ka nuna wa Kawu. Juyin rana kuma birki aka taka mata, maganaɗisunta yana riƙe da faifan da kuma iskar da take fitarwa, su suka yi ta kwashe juyin, shi ya sa jariran taurari irinta suke juyawa cikin 'yan kwanaki, tsofaffi kuma a hankali.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne labarin bai tafi salin-alin ba. Ƙarshen ginin karo ne na manya. Watanmu 3.34 ne, kusan nauyin dutsen da ke lulluɓe da cibiyar duniya, ƙarfensa kaɗan ne ƙwarai, abin da ya sa aka fi karkata ga cewa wata duniya mai girman Mas ce ta daki tamu, ɓaraguzan saman suka taru suka zama wata. Kwanciyar Yuranus ma irin wannan dukan ake zargi. Kuma duniyoyi suna ƙaura, a 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata ƙatuwa irin Jupita tana zagaya tauraron 51 Pegasi cikin kwana huɗu da 'yan awoyi, a bakin wuta sosai inda ba yadda za a yi a gina irinta, sun samu kyautar Nobel a 2019. Wasu masana a 2005 sun nuna namu manyan ma wataƙila sun gusa, a wasu lissafe-lissafen nasu har Yuranus da Neftun musayar wuri suka yi.

Makyuri kuwa har yau ciwon kai ce, cibiyar ƙarfenta ta kai wajen kashi 85 na faɗinta, zafi shi kaɗai bai isa ya yi bayanin wannan ba. An ce ko duka ne ya ɓare mata dutsen sama, an ce ko rana ce ta ƙone shi, sai kumbon MESSENGER da ya zagaya ta daga 2011 zuwa 2015 ya tarar da farar wuta da fotasiyam da yawa a samanta, abubuwan da ya kamata su fara gudu in an sha irin wannan zafin. In kana neman inda za ka yi gardama ka ci riba, nan ne, ka bar Jeans ya huta.

Bakatsine a Obalende:

Ku yi haƙuri in sa baki, tunda Malama ta ambaci duwatsun da ke faɗowa daga sama, ku sani mu ma Katsinawa muna da namu kason a wannan ilimi. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai kilo wajen 18 ya faɗo a Zagami, 'yan taku kaɗan daga wani manomi a gonarsa, ya nutse a ƙasa. Daga baya masana suka tabbatar daga Mas ya zo, don iskar da ta maƙale a cikinsa ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a can a 1976. Har yau in ka duba sunayen duwatsun Mas za ka ga Zagami ɓaro-ɓaro. To mai gwangwan ga wanda aka sa wa zarto nan, an yayyanka shi gutsi-gutsi yana ɗakunan bincike na duniya. Malama shi ne aka auna aka samu biliyan 4.6 ɗin?

Malamar Fizis Agege:

A'a Yaya, na Zagami yaro ne, narkakken dutse ne da ya daskare a Mas wajen shekara miliyan 180 da suka wuce. Masu ba da shekarun farko irin wanda ya faɗo Allende a Meziko ne a 1969, akwai wasu fararen ɗigo-ɗigo a cikinsa masu kalsiyam da alminiyam, an auna su shekara miliyan 4,567. Kuma su ne irin abin da ke fara daskarewa tun wuri yana da tsananin zafi, wato ƙusar bakin wutar mai tsire.

Ɗan Mil 12:

Toh jama'a na gode, motar ta iso sai ƙarfe huɗu na asuba, yanzu muka gama sauke kaya na zauna na karanta duka, wasu wuraren sau biyu. Malama Allah ya saka da alheri, zancen mai tsire ya shige ni, na dilar gwanjo ma haka. Amma a rubuta a ajiye, kin ce an yi shiƙa a ƙarshe, kenan ban faɗi ƙasa ba, shi kuma mai tauraro mai giftawa tun 1939 aka yi jana'izar nasa yana nan yana min dariya a gaban yaran shago. Na ce yau shi zai ɗauki kuɗi ya kai banki a ƙafa.

Saura abu ɗaya Malama in kin samu sarari bayan an tashi makaranta. Kin ce kusa da rana ruwa ba ya tsira, iyakar ƙanƙara tana can bayan Mas, mu kuma muna ciki. To wannan tekun namu na Legas, da ruwan da ke cinye mana hanyar Ikorodu duk damina, daga ina aka kawo shi?